Muhawara: Me ke salwanta idan aka mayar da dogon littafin ban tsoro fim?

Malam Habibu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna abin da ke samun dogon littafin ban tsoro idan masu shirya fim suka ɗauke shi, kuma misalin da zan kafa hujja da shi shi ne littafin It na marubucin nan ɗan Amurka, Stephen King, wanda ya fito a 1986 da shafi 1,138. Ga wanda bai karanta ba, labari ne na yara bakwai a wani ƙagaggen gari mai suna Derry a jihar Maine, waɗanda suka yi arangama da wata muguwar halitta da ke farkawa kusan duk bayan shekara 27 tana cin yara, galibi a siffar ɗan barkwanci mai farin fenti a fuska da ake kira Pennywise. Sun tunkare ta a 1958 suna ƙanana, sannan suka komo garin a 1985 bayan sun manyanta, domin cika alkawarin da suka ɗauka cewa in ta dawo za su dawo.

Sau biyu ana mayar da shi fim. Tashar ABC ta nuna na farko cikin dare biyu a 1990, tsawonsa awa uku da 'yan mintoci. Daga baya darakta Andy Muschietti ya raba labarin gida biyu, na 2017 mai minti 135 da na 2019 mai minti 169. Littafin kuwa, idan aka karanta shi a bayyane daga farko zuwa ƙarshe, yana cin kusan awa 45. Saboda haka yanke wasu sassa dole ne, kuma ba na zargin kowa a kan wannan.

Ƙorafina a kan tsarin labarin yake. King bai gama ba da labarin ƙuruciyar ba sannan ya shiga na girman. Manyan sun manta da duk abin da ya faru a 1958, kuma mai karatu yana gano shi ne a daidai lokacin da yake faɗo musu a rai, ta yadda a babukan ƙarshe jumla takan fara a bakin babban mutum a 1985 ta ƙare a bakinsa yana yaro a 1958. Ku dubi Stan Uris, ɗaya daga cikin yaran bakwai. Tun farkon littafin muke ganin ya kashe kansa a banɗaki bayan an kira shi a waya an ce abin ya dawo, tun ba mu san shi ba. Daga nan duk inda yaron ya fito yana kallon tsuntsaye da littafinsa a hannu, mai karatu ya riga ya san makomarsa, kuma wannan sanin ne ke sa gaba ya riƙa faɗuwa. Littafin kamar saƙi ne na zare biyu, fari da baƙi, sai masu fim suka warware shi suka miƙo mana farin a 2017, baƙin a 2019. Zaren yana nan, amma adon da saƙar ta fitar ya tafi. Ina son jin ra'ayin waɗanda suka san aikin fim daga ciki.

Nura:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, sana'ata tace hoto ce a nan Kano, kuma ina ganin ba a yi wa masu fim ɗin adalci ba. Mai karatu yana da damar da mai kallo ba shi da ita. Idan ya rikice yakan koma shafin baya, yakan ajiye littafin ya kwana ya tashi, kuma sunan Bill, jagoran yaran, ɗaya ne a takarda ko yaro ne ko babba. A fim kuwa mutum bakwai sun zama fuska goma sha huɗu, kuma wanda ke zaune a silima dole ya haɗa kowace fuska da 'yar uwarta cikin daƙiƙoƙi, alhali labarin bai tsaya jiransa ba. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce shafi ɗaya na rubutun fim yana cin kimanin minti ɗaya, don haka fim ɗin awa biyu shafi 120 ne kawai. A cikin wannan ɗan fili ba za ka gabatar da yara bakwai, kowa da abin da yake tsoro, kowa da matsalar gidansu, sannan ka ƙara manya bakwai da matansu da ayyukansu ba.

Bugu da ƙari, kai-komo tsakanin zamani biyu yakan kashe tsoro a allo. Tsoro a fim hawa yake yi sannu a hankali, kuma duk lokacin da ka yanke ka tafi wata shekara, abin da ka tara ya zube, sai ka sake tarawa. Muna da shaida daga wani littafin King ɗin, The Stand, wanda ya ba da labarin annoba a jere daga ɓullarta zuwa rushewar ƙasa. Da aka yi shi mai kashi 9 a 2020, sai aka fara daga bayan annobar ana waiwaye, kuma masu sharhi da yawa sun ce hakan ya raunana shi, domin an riga an ga waɗanda suka tsira. Shi kuwa fim ɗin 2017, da aka bar shi da yaran kawai, an kashe masa kimanin dala miliyan 35 ya tara fiye da dala miliyan 700. Kuɗi ba su ne ma'aunin inganci ba, amma mutane masu yawan gaske sun fahimci labarin sun kuma ji shi a jikinsu.

Sadiya:

Yaya Nura, na yarda da kai a kan fim ɗin farko, amma na biyun shi ne hujjar Malam. Tunda an ƙarar da ƙuruciyar a 2017, sai aka wayi gari manyan ba su da abin yi a 2019 sai tuno abubuwan da mu masu kallo muka riga muka gani da idonmu. Su sun manta, mu ba mu manta ba, don haka muna gabansu a kowane mataki muna jira su iso. Wannan ne ya tilasta wa masu fim ɗin ƙirƙiro sababbin fitowa na yaran, har sai da aka yi amfani da kwamfuta aka rage musu shekaru a fuska saboda sun girma a tsakani, aka kuma tura kowane babba ya nemo wani abin tunawa shi kaɗai, ya gamu da dodon, ya tsere, na gaba ya maimaita. Fim ɗin ya fi na farko tsawo da fiye da rabin awa, amma ya fi shi ƙarancin abin faɗa.

Abin lura shi ne na 1990 ya riƙe wani abu na tsarin littafin a darensa na farko, inda kowane kiran waya ke buɗe waiwayen yaro ɗaya, kuma mafi yawan waɗanda suka kalla sun fi yabon wannan daren a kan na biyu. Ni abin da na fahimta shi ne sashen manyan bai taɓa zama labari mai cin gashin kansa ba, aikinsa shi ne ya riƙe na yaran.

Hajiya Rabi:

'Yata Sadiya ta yi magana mai kyau. Ni dai asarar da ta fi yi mini ciwo daban ce, kuma a matsayina na mai rubutu ita na fi tsoro ga nawa aikin. A littafin, mugun abin ba ɗan barkwancin ba ne kaɗai, garin ne gaba ɗayansa. King ya sa babi biyar na musamman a tsakanin sassan labarin, waɗanda Mike Hanlon ya rubuta a kundinsa. Mike shi ne baƙar fata ɗaya tilo a cikin yaran, shi ne kuma wanda ya zauna a Derry yana aiki a ɗakin karatu bayan sauran sun watse sun yi arziki. Yana bin tsofaffi yana tambayarsu, suna ba shi labarin masana'antar ƙarfe da ta fashe a 1906 ranar bikin Ista ta hallaka mutum 102, 88 daga cikinsu yara, da yadda mutanen gari suka taru da rana tsaka a 1929 suka bindige wasu 'yan fashi sannan kowa ya yi kamar ba ya nan, da yadda masu ƙin baƙar fata suka cinna wa gidan rawar sojoji baƙaƙe wuta a 1930. Wannan na ƙarshen mahaifin Mike ne ya ba shi labarin yana kan gadon asibiti, domin yana cikin waɗanda suka tsira. Idan ka gama waɗannan babukan za ka gane cewa halittar ba ta buƙatar yin komai da hannunta a mafi yawan lokaci, mutane ne ke yi mata, sauran kuma su kau da kai.

To me fim ɗin 2017 ya yi? Ya karɓe binciken tarihin daga hannun Mike ya ba wa Ben, wani daga cikin yaran, ya kashe iyayen Mike a gobara tun kafin labarin ya fara, sai yaron da littafin ya ɗora wa nauyin tunawa ya koma kusan ɗan rakiya. Na san dalilin, babi ne na zance da tsofaffi, babu gudu babu ihu, kuma su ne farkon abin da almakashi ke hawa. Amma da aka cire su, sai labarin al'ummar da ta saba da zubar da jinin 'ya'yanta ya koma labarin dodo a cikin magudanar ruwa. Masu fim ɗin ma sun san akwai abin da suka bari, tunda a 2025 tashar HBO ta fito da shiri mai dogon zango, It: Welcome to Derry, wanda aka gina a kan waɗannan babukan.

Ba duk yankewa nake ƙi ba. Akwai wani wuri kusa da ƙarshen littafin da ya shafi yaran wanda masu karatu da yawa suka ƙyamata, ni ma ina cikinsu, kuma babu fim ɗin da ya ɗauko shi. Wannan daidai ne.

Nura:

Hajiya, game da Mike ba ni da ja. Amma a kan kau da kan mutanen gari, fim yana da tasa hanyar faɗa, kuma wani lokaci ta fi ta takarda kaifi. A na 2017 akwai inda 'yan daban makaranta suka tare Ben a bakin gada suna yankar masa ciki da wuƙa, sai ga mota ta taho da dattijo da dattijuwa a ciki, suka dube shi ido cikin ido suka wuce, jar balan-balan, alamar Pennywise, tana tasowa a kujerar baya. Bai kai minti ɗaya ba, dattawan ba su furta kalma ba, amma ya ɗauki nauyin shafuka masu yawa. Haka kuma a littafin an tsinci gawar Georgie, ƙanen Bill, nan take, fim ɗin kuwa ya sa an ja shi cikin kwata ya ɓace, sai Bill ya samu dalilin shiga neman sa da jan abokansa. Wannan canji ne da ya ƙara wa fim ƙarfi.

Inda na ga fim yana shan kaye da gaske shi ne nuna dodon. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Na taɓa tace wata fitowa ta aljana a wani shiri. Na haɗa ta ne da ƙofar ɗaki tana buɗewa a hankali, ƙarar awarwaro tana matsowa, kyamara tana kan fuskar matar da ke kwance ta kasa juyawa, aka ɗauke hoton kafin a ga komai. Mai shirya fim ɗin ya ce ya biya kuɗin kwalliya da aikin kwamfuta, dole a nuna ta. Da aka nuna jan ido da dogayen farata, sai na ga masu kallo suna dariya a wurin da aka so su firgita. Irin wannan ne ya samu na 1990, wanda Tim Curry, da ya fito a matsayin Pennywise, ya tsorata mutane da murya da murmushi kawai, amma aka ƙare da ƙaton gizo-gizo wanda har yau ake kukan ya ɓata ƙarshen. A littafin an bayyana cewa gizo-gizon shi ne iyakar abin da hankalin ɗan Adam zai iya ɗauka na ainihin siffarta. Takarda za ta iya faɗin haka ta wuce, kyamara kuwa sai ta ajiye wani abu a gabanka.

Malam Isufu:

Ina gaishe ku daga Damagaram. Ina so in ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato zancen zuci. Abin da ke sa littafin ban tsoro ya yi tsawo galibi ba yawan aukuwa ba ne, zama ne a cikin kan mutum ana kallon yadda yake lalacewa. Misali mafi bayyana shi ne wani littafin King ɗin, The Shining na 1977. Jack Torrance mashayi ne da ya tuba, wanda ya taɓa karya hannun ɗansa cikin maye, ya karɓi aikin gadin wani otal a tsaunukan Colorado a lokacin hunturu domin ya gyara rayuwarsa. Mai karatu yana cikin zuciyarsa, yana jin son da yake yi wa yaron da kunyar da ke cinsa, yana kuma jin yadda otal ɗin ke hura masa tsohon fushinsa kaɗan-kaɗan har ya rinjaye shi. Stanley Kubrick da ya yi fim ɗin a 1980 ba shi da hanyar shiga can, don haka ya ba mu fuskar Jack Nicholson, ɗan wasan da ya fito a matsayin Torrance, kuma King ya sha faɗa a fili cewa mutumin ya yi kama da mai taɓin hankali tun fitowar farko, babu wata gangarowa da za a kalla.

Amma ga abin da nake so Malam Habibu ya duba. King da kansa ya rubuta wani fim ɗin talabijin mai kashi uku a 1997 domin a bi littafin sau da ƙafa. An dawo da bishiyoyin da aka aske a siffar dabbobi masu motsi, waɗanda Kubrick ya musanya da lambun shinge mai ruɗaɗɗun hanyoyi, an dawo da fashewar tukunyar ɗumama otal ɗin a ƙarshe. Yau wanne ake kallo, wanne ake koyarwa a makarantun fim? Na Kubrick ne, wanda ya saɓa wa littafin. Biyayya ga marubuci ba ta haifar da tsoro ba.

Malam Habibu:

Malam Isufu, na gode da wannan misali, amma ni ban nemi a bi littafi shafi bayan shafi ba. Kubrick ya san abin da ya jefar, ya kuma gina wani abu nasa a gurbinsa, da dogayen lunguna da ƙarar keken yaro a kan katako da kan darduma. Abin da nake ƙi shi ne a riƙe sunaye da aukuwa, a zubar da abin da suke nufi, ba tare da an kawo madadi ba.

Ku dubi ƙarshen It. A littafin, bayan sun yi nasara, ambaliya ta rusa tsakiyar Derry, domin garin da halittar abu ɗaya ne, sannan mantuwa ta sake rufe su. Mike yana magana da Richie, ɗaya daga cikin abokan, a waya suna laluben sunan ƙarshe na Stan sun kasa kamawa, rubutun da ke kundinsa ma ya fara dusashewa. Ladan nasararsu shi ne su rasa juna, kuma wannan ya fi kowace fitowar Pennywise tayar mini da hankali. Fim ɗin 2019 ya juya shi, ya ce wannan karon ba za su manta ba, ya ƙara da wasiƙa daga Stan da ke nuna mutuwarsa dabara ce ta taimakon abokansa, ya kuma sa suka kashe halittar ta hanyar zaginta har ta ƙanƙance. An sanyaya wa mai kallo rai, amma an faɗi akasin abin da littafin ya kwashe shafi dubu yana faɗa.

Sadiya:

Malam, ashe ke nan mafita ita ce fim mai dogon zango? Idan aka samu awa goma ko sha biyu, za a iya riƙe zamani biyun tare, babukan Mike su samu wuri, kowane kashi ya buɗe da kiran waya guda. Littafin Shirley Jackson na 1959, The Haunting of Hill House, gajere ne, amma Netflix ta yi shi kashi 10 a 2018 yana kai-komo tsakanin ƙuruciya da girma, kuma ya karɓu. Wannan yana nuna tsarin da Yaya Nura ya ce yana kashe tsoro zai iya aiki idan akwai fili.

Nura:

Ƙanwata, ya yi aiki a can ne saboda daraktan shirin, Mike Flanagan, bai ɗauki labarin littafin ba, ya ɗauki gidan da sunaye ya ƙirƙiro iyali sabo, ya tsara shi tun farko domin kashi-kashi. Dogon zango kuma yana da nasa haraji. Kowane kashi sai ya biya mai kallo da firgici ɗaya ko biyu in ana so ya dawo mako mai zuwa, kuma dodon da ya fito sau ashirin bai kama kowa ba ya zama maƙwabci. Muna gani a namu shirye-shiryen na YouTube, inda ake jan labari saboda talla har abin da ya fara da ƙarfi ya tsinke.

Hajiya Rabi:

Wannan batu ya zo kusa da gida, domin littattafan aljanu da tsafi da ake rubutawa a waya yanzu wasunsu suna kai babi ɗari, kuma masu fim sun fara zawarcin irinsu. Mayar da littafi fim ba sabon abu ba ne a wurinmu, an yi wa Shaihu Umar a 1976, amma na ban tsoro yana da tarkon da na soyayya ba shi da shi. Idan aka zo neman nawa, zan yarda a haɗe mutum uku su zama ɗaya, a yanke babi talatin, a canza gari. Sharuɗɗa biyu zan sa a rubuce a cikin yarjejeniya. Na farko, ba za a nuna fuskar abin ba sai da amincewata. Na biyu, ba za a ƙara wani malami ko boka da zai zauna ya bayyana asalin abin da dalilin zuwansa ba idan ni ban rubuta haka ba, domin na lura masu shirya fim suna son wannan fitowar ƙwarai saboda tana da arha kuma tana rufe bakin masu tambaya. Nura, na san za ka ce babu furodusan da zai sa hannu a kan sharaɗi na farko. Ka tambayar mini ko da mutum biyu a cikin waɗanda kake aiki da su, ka kawo mana amsarsu da dalilansu a nan.